Allon Siminti Mai Zare a Matsayin Silin: Abin da Na Gani Bayan Damina Biyu

Shekara biyu ke nan da kwamitin wata makarantar Islamiyya ta unguwarmu a Kano ya ɗora mini alhakin kula da sauya silin ɗin azuzuwa huɗu da doguwar barandar da ke gabansu, saboda tsohon silin na kwali ya gama lalacewa, gara ta ci wani sashe, yoyo kuma ya ruɓar da sauran. Abubuwa uku ne aka ajiye a gabanmu, wato silin na roba, da na farar ƙasar da ake kira POP, da kuma allon siminti mai zare, wanda galibin mutanenmu har yau suke kira asbesto. Na ba da shawarar a ɗauki na ukun, aka amince, muka saye shi a wani shago da ke kasuwar Ƙofar Ruwa. Yanzu da ruwan damina biyu ya sauka a kan ginin, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da wannan allo da kuma shagon da ya sayar mana. Ra'ayina shi ne kayan ya cancanci kuɗinsa, amma mai saye zai iya ɓata shi da hannunsa idan yana tunanin karyewa ce kaɗai abin tsoro, alhali lotsawa tana riga ta zuwa da nisa.

Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya riga ya san hikimar da ke cikin wannan allo ko da bai taɓa jin sunansa ba. Maginanmu na gargajiya ba sa kwaɓa birji shi kaɗai, sai sun cuɗa shi da ciyawa, domin sun san laka tana jure danna amma ba ta jure ja, kuma idan ta bushe ta fara tsagewa ciyawar ce take riƙe bakin tsagar. Siminti ma haka halinsa yake: ƙarfin kankare wajen jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen jure danna ba. Wani mai masana'anta ɗan ƙasar Ostiriya, Ludwig Hatschek, shi ne ya yi rajistar hanyar haɗa siminti da zaren asbesto a shekarar 1900, inda injin yake kwaso siririn ɓawon kwaɓi yana naɗe shi a jikin ganga, ɓawo bisa ɓawo, har a sami kaurin da ake so. Da aka tabbatar cewa ƙurar asbesto tana haddasa sankarar huhu da wasu munanan cututtukan ƙirji, sai ƙasashe suka yi ta haramta shi, Tarayyar Turai kuma ta kammala haramcin a 2005. Injin Hatschek bai mutu ba, zaren ne aka sauya, aka koma ga zaren itace irin wanda ake yin takarda da shi, wasu masana'antun kuma suna ƙara zaren roba. A Nijeriya akwai masu sarrafa irin wannan kaya tun da daɗewa, kamar Nigerite a Ikeja da Emenite a Inugu, ban da wanda ake shigowa da shi daga waje.

Farkon abin da ya dame ni a shagon shi ne wannan suna na asbesto. Da na tambayi mai shagon ko allon nasa yana ɗauke da asbesto na gaske, sai ya ce, "Injiniya, ai duk sunansu ke nan, wannan dai sabon yayi ne." Na ce masa, "Alhaji, yara ne za su zauna a ƙarƙashinsa, ina so in gani a rubuce." Sai da muka juya alluna da dama kafin muka ga tambarin da ke bayansu, mai nuna cewa babu asbesto a ciki. Ma'aunin Turai na irin waɗannan alluna, EN 12467, yana amfani da haruffan NT ga wanda ba shi da asbesto, kuma ina ba duk mai saye shawarar ya nemi wannan alama ko makamanciyarta da idonsa. Takardar bayanin ƙarfin allon kuwa babu ita a shagon, kuma a nan ne na ga babban giɓi a hidimarsu. Ma'aunin da na ambata ya kasa alluna aji biyar gwargwadon ƙarfinsu wajen jure lanƙwasa, daga megafaskal 4 (megafaskal shi ne awon ja ko dannar da kaya yake jurewa) a aji na farko, zuwa 7, da 13, da 18, har 24 a aji na biyar. Tsakanin aji na biyu da na uku kusan ninki ne, amma a ido duk fari-fari ne masu santsi, kuma mai saye ba shi da hanyar bambancewa idan mai sayarwa bai ajiye takarda ba.

Tunda babu takarda, sai na sayi allo ɗaya tukuna, mai kaurin milimita 6, faɗin milimita 1220, tsawon 2440, na kai shi gida domin in gwada. Gwajin ba na ɗakin bincike ba ne, amma tsarinsa ɗaya ne da wanda ake yi a can. Na sa aka yanka mini sirara masu faɗin milimita 100, wasu a bin tsawon allon, wasu a bin faɗinsa. Na ɗora kowanne a kan bututun ƙarfe biyu da tazarar milimita 400 a tsakaninsu, na gitta ɗan guntun rodi a tsakiya, na rataye bokiti a jikinsa, sannan na aro agogon awo irin na masu juya ƙarfe na kafa shi kusa da tsakiyar domin ya nuna mini yadda allon yake sauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ina zubawa a hankali ina rubuta abin da allurar agogon ta nuna.

Lissafin da ke bayan wannan gwaji ba mai wuya ba ne, kuma ya kamata duk mai kula da gini ya riƙe shi. Idan allo ya lanƙwasa, samansa yana dannuwa, ƙasansa yana jawuwa, kuma a ƙasan ne tsaga take farawa. Ana samun yawan jan da ke wurin ta hanyar ninka nauyin da tazarar, a ninka da uku, sannan a raba da biyu, a raba da faɗin, a kuma raba da kaurin har sau biyu. Da wannan lissafi, sirin da na bayyana zai karye a kusan kilo 4 idan allon ɗan aji na biyu ne, a kusan kilo 8 kuma idan ɗan aji na uku ne. Da kaurinsa milimita 9 ne, da ɗan aji na ukun zai kai kusan kilo 18, mai milimita 12 kuma kusan kilo 32. Wato ninka kauri sau biyu yana ninka ƙarfi sau huɗu. Taurin allon kuwa, wanda shi ne yake hana shi lotsawa, ya fi haka saurin hawa, domin a nan kaurin sau uku yake shiga lissafi, don haka mai milimita 12 ya fi mai milimita 6 tauri har sau takwas.

Siraran da aka yanka a bin tsawon allon sun haura kilo 8 kafin su karye, waɗanda aka yanka a bin faɗi kuwa ba su kai 6 ba. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin a injin Hatschek yawancin zaren yana kwanciya ne ta fuskar da kwaɓin yake tafiya, shi ya sa allon yake da gefen ƙarfi da gefen rauni, kamar yadda katako yake da su. Amfanin sanin wannan a wurin aiki shi ne a shimfiɗa allon yadda tsawonsa zai gitta katakan da ke ɗauke da shi, kada ya bi su a jere. Abin da ya fi jan hankalina shi ne siraran da na jiƙa a ruwa na awa 24 kafin gwaji, kamar yadda ake yi wa allunan da za su zauna a waje. Busassun sun yi ta jurewa, allurar tana tafiya daidai da ruwan da nake zubawa, sai kawai na ji ƙas, suka rabu kusan nan take. Jiƙaƙƙun kuwa sun sallama da nauyin da bai kai na busassun ba, amma ba su rabu farat ɗaya ba: tsaga ta buɗe a ƙasa, allurar ta ci gaba da juyawa, sirin ya yi ta sunkuyawa yana riƙe da bokitin na ɗan lokaci. Da na ɗauki guntun na duba bakin karayar a hasken rana, sai na ga na jiƙaƙƙen ya yi gashi-gashi kamar bakin tsohuwar tabarma, zaren ya zaro daga cikin simintin, na busasshen kuwa bakinsa a daddatse yake, zaren ya tsinke. Masu bincike a Ostareliya, inda aka yi aiki mai yawa a kan maye gurbin asbesto da zaren itace, sun daɗe da bayyana wannan hali: danshi yana sassauta riƙon da ke tsakanin zare da siminti, ƙarfi ya ragu, amma juriya bayan tsagewa ta ƙaru. Ga silin ɗin aji wannan hali alheri ne, domin allon da yoyo ya jiƙa zai nuna alama tun kafin ya faɗo wa yara a ka.

Daga nan ne na zo ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Allon milimita 6 mai girman da na ambata nauyinsa kusan kilo 24 ne, wato kusan kilo 8 a kowace murabba'in mita. Idan aka ɗora shi a kan katakai masu tazarar milimita 610, wato ƙafa bibbiyu da kafintocinmu suka saba, jan da nauyin kansa yake haifarwa a jikinsa bai kai megafaskal 1 ba, alhali ko ɗan aji na biyu yana jure 7. Ta fuskar karyewa ke nan babu abin fargaba ko kaɗan. Amma idan aka lissafa lotsawa, labari ya sauya. In muka ɗauka ma'aunin taurin allon megafaskal 6000 ne, kuma muka sauƙaƙa lissafin kamar allon yana zaune ne a kan katakai biyu kawai, tsakiyarsa za ta sauka da kusan milimita 1.3 tun ranar farko. Iyakar da injiniyoyi suka saba bi ga silin mai fenti da haɗi ita ce kada lotsawa ta wuce tazarar a raba da 360, wanda a nan yake ba da milimita 1.7. Saura kaɗan ke nan, tun kafin danshin damina ya tausasa zaren, kuma tun kafin siminti ya yi abin da ya saba yi a ƙarƙashin nauyi mai daɗewa, wato ci gaba da sauka a hankali wata da watanni ba tare da ya koma ba. Idan kuwa aka raba tsawon allon shida, tazara ta zama milimita 407, lotsawar ba ta kai milimita 0.3 ba. Dalili shi ne a lissafin lotsawa ta nauyin da ya bazu, tazara sau huɗu take shiga, saboda haka ƙara ta da rabi yana ninka lotsawa sau biyar.

Kafintan da ya yi mana aikin dattijo ne mai hannu, kuma bai ji daɗin wannan magana ba da farko. Ya ce, "Injiniya, tun ina yaron shago ƙafa bibbiyu muke bugawa, ban taɓa ganin silin ɗina ya faɗo ba." Na ce masa, "Gaskiya ne, Baba, ba zai faɗo ba, ciki zai yi." Kafin mu kai ga wannan tattaunawa ya riga ya gama kafa katakan ɗakin aji na farko a kan ƙafa biyu, ya kuma buga fiye da rabin allunan, kwamiti kuwa ba shi da kuɗin warwarewa. Muka bar shi haka, sauran azuzuwa uku da baranda muka yi su a kan inci 16, wato kusan milimita 407 ɗin da na ambata. Kuɗin katako ya ƙaru, kuma wasu 'yan kwamiti sun yi gunaguni a kan haka, abin da ban ga laifinsu ba, tunda kuɗin iyayen yara ne.

A ƙarshen damina ta biyu na koma makarantar bayan la'asar, lokacin da rana take shigowa ta tagogin yamma tana shafar silin a kaikaice. A aji na farko inuwa ta bayyana komai: tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa allon ya yi ɗan ciki, layi bayan layi kamar kunyoyin gona, kuma a haɗi uku ko huɗu fenti ya tsage siriri. Na hau benci na kanga dogon ƙarfe miƙaƙƙe a jikinsa, na ga haske yana wucewa a wasu wurare, a wasu kuma ƙarfen yana lilo a kan cikin. Babu allo ko ɗaya da ya tsage a jikinsa, babu wanda yake barazanar faɗowa, amma duk wanda ya ɗaga kai zai san aikin bai yi kyau ba. Na shiga aji na biyu da ke jikinsa, allo iri ɗaya daga tuli ɗaya, kafinta ɗaya, rana ɗaya tana haskawa, silin a shafe sumul. Baba kafinta yana tare da ni a ranar, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce in rubuta masa awon a takarda zai ajiye.

Akwai wani abu da na gano a kan kauri wanda ya dace mai saye ya kula da shi. Da na auna allunan da aka kawo mana, wasunsu sun fi kusa da milimita 5.5 a kan 6. Rabin milimita ba ya ganuwa a ido, kuma ma'aunai ma suna ba da ɗan rangwame a kan kauri, amma a lissafi yana rage ƙarfi da kusan kashi 16 cikin ɗari, tauri kuma da kusan kashi 23 cikin ɗari. Wanda zai sayi alluna da yawa ya je kasuwa da abin auna kauri a aljihunsa, ya auna daga sama da tsakiya da ƙasan tulin. Mun ware waɗanda kaurinsu ya gaza muka yi amfani da su a wuraren da ake buƙatar ƙananan yanka.

Ta fuskar ruwa da gara, allon ya cika alkawari. A baranda akwai inda ƙusar kwano ta saki, ruwa ya yi ta ɗiga a kan allo ɗaya kusan mako biyu kafin a lura. Ya yi tabo, fentin ya kumbura, amma da aka toshe yoyon ya bushe, muka kankare muka sake shafawa, jikinsa bai rududduge ba. Da silin na kwali ne da tuni ya zube, da POP ne kuma da ya yi laushi ya ɓare. Gara ba ta taɓa shi ba, sai dai kada wannan ya sa a manta cewa katakan da ke ɗauke da shi abincinta ne, dole a shafa musu magani, domin katakon da ya raunana zai sauka da allon gaba ɗaya. Allon ba ya kuma kama wuta da sauƙi ko narkewa kamar roba, abin da ya yi nauyi ƙwarai a zuciyata tunda yara fiye da ɗari suke zama a ƙarƙashinsa kowace rana.

Illolinsa ma a bayyane suke. Yana da nauyi, kuma kusurwoyinsa suna da saurin ɓarewa. Yaran shagon sun ɗauko wasu a kwance, mutum ɗaya gaba ɗaya baya, allon yana lilo a tsakiya, huɗu suka iso da karaya. Daidai shi ne a ɗauke shi a tsaye a kan gefensa, a kuma jera shi a kwance a wuri mai daidaito, a rufe daga ruwa. A nan dole in yaba wa mai shagon, domin da na kira shi bai ja magana ba, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Injiniya," washegari ya aiko da wasu huɗun ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Allon ba ya son ƙusa kusa da baki, sukuru ya fi dacewa da shi, a ja da shi ciki kaɗan daga gefe, a kuma nisanta shi da kusurwa. Yana ɗan buɗewa da danshi yana tsukewa da hunturu, don haka sai an bar ɗan tsaga tsakanin allo da allo an cike da abin da ke miƙewa. Yanka shi da giranda a bushe yana ta da farar ƙura mai yawa, kuma rashin asbesto bai sa wannan ƙura ta zama lafiya ba, domin akwai yashin silika a ciki wanda yake lalata huhu idan aka daɗe ana shaƙa. Sai da na tsaya a kan ma'aikatan kafin suka yarda suka sa takunkumi, suka kuma fitar da yankan waje. Haka nan duk mai aikin lantarkin da zai hau cikin rufi a gaya masa tun yana ƙasa cewa a kan katako zai taka, domin allon milimita 6 ba zai ɗauki mutum ba ko na ƙiftawar ido, kuma ba a rataye fanka ko fitila mai nauyi a jikinsa.

Ga makaranta, da asibitin unguwa, da masallaci, da baranda, da duk ginin da yoyo da gara suka saba wa ziyara, zan sake zaɓar wannan allo, kuma zan sake komawa shagon nan saboda amanar mai shi, ko da yake na gaya masa baki da baki cewa ya nemi takardar bayanin ƙarfi daga wurin waɗanda suke kawo masa kaya ya liƙa a bango. Wanda yake son ado da zane-zane a falo, POP zai fi biya masa buƙata. Wanda kuma katakansa suka riga suka zauna a kan ƙafa biyu, ko dai ya ƙara katako a tsakani, ko ya hau zuwa milimita 9, wanda a ƙarƙashin nauyin kansa lotsawarsa ba ta kai rabin ta milimita 6 ba, sai dai ya tuna kowane allo zai kai kusan kilo 36, kuma katakan ne za su ɗauki wannan ƙarin. Aji na farko kuwa kwamiti ya amince a gyara shi a hutu mai zuwa, lokacin rani da allunan suka bushe sosai. Za mu sassauta sukurorin, mu tokare allunan daga ƙasa, mu ƙara katako ɗaya a tsakiyar kowace tazara, waɗanda cikinsu ya riga ya zauna ya ƙi miƙewa kuma mu sauke su mu yanka su zuwa ƙananan wurare a ɗakin ajiya.